Taswira ta nuna akwai ruwa a gabashin gari: mu kai kuɗin jama'a can?

Sakataren_Gari: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin ruwa. Ƙauyenmu yana kudancin Kano, wajen Rano, ƙasar duwatsu. Sau biyu ƙungiyar ci gaban garinmu tana karo-karo muna haƙa rijiyar burtsatse. Ta farko an kai mita 45 ƙura kawai ke tashi, mai injin ya kwashe kayansa. Ta biyu ta ba da ruwa da damina har muka yi murna, amma kafin watan Maris sai mutum ya gaji da tuƙa famfo bai cika bokiti ba. Yanzu mata da yara sun koma tonon yashi a rafi.

Ɗan yayana da ke jami'a ya zo mana da wata taswira a kwamfutarsa, ta yankin kogin Kano baki ɗaya, an shafe ta da kore da rawaya da ja. Wuraren da muka haƙa duka biyun sun faɗo cikin ja. Kore yana can gabas da gari, tafiyar kilomita ɗaya da rabi, cikin gonakin mutane. Ya ce da hotunan tauraron ɗan'adam aka haɗa ta. To shin tauraro yana hango ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa? Mu ɗauki kuɗin talakawa karo na uku mu kai can? Littafin kuɗin yana hannuna, ni za a tambaya.

Bakatsine77: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a dace. Ni dai na ji an ce akwai tauraron Amurka da ke auna ruwan ƙarƙashin ƙasa daga sama, GRACE sunansa. In da shi aka yi, ai sai ku bi.

Hauwa_Taswira: Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari. Wannan fannin nake karanta, bari in faɗa maka yadda ake yin irin taswirar nan, sai ka auna da kanka.

Tauraron ba ya ganin ruwan. Fuskar ƙasa yake gani. Abin da muke yi shi ne tara alamomin da ke sa ruwan sama ya nutse ya zauna, kowace alama da fallenta, sai mu jera su ɗaya kan ɗaya kamar an shimfiɗa tabarmi. Akwai fallen irin dutsen da ke wurin. Akwai na gangara, wanda muke cirowa daga awon tudu da kwari na SRTM da aka yi a shekarar 2000, kowane ɗigo a cikinsa mita 30 ne a ƙasa. Inda gangara ta yi tsanani ruwa gudu yake, inda ta kwanta yana samun lokacin nutsewa. Akwai na yawan ƙoramu, don ƙasar da ƙoramu suka tsattsaga ko'ina ƙasa ce da ba ta shan ruwa. Akwai na ruwan sama, da na irin ƙasa, da na abin da ya rufe ta, gona ko daji ko gini, daga hotunan taurarin Landsat ko Sentinel-2. Wanda ya fi muhimmanci a irin yankinku shi ne fallen layukan tsagewar dutse, waɗanda suke bayyana a hoto kamar dogon zane miƙaƙƙe, wani lokaci jerin itatuwa, wani lokaci rafi da ya miƙe ba lanƙwasa.

Daga nan sai a ba kowane falle nauyinsa. Yawanci ana bin hanyar da Thomas Saaty ya fito da ita a shekarun 1970, a riƙa gwada alamomin biyu-biyu: tsakanin dutse da gangara wa ya fi tasiri, kuma da nawa? Sai manhaja irin QGIS ta haɗa jimla a kowane ɗigo, ta shafa launi. Kore ma'anarsa alamomi sun taru a nan. Ba ya nufin an ga ruwa.

@Bakatsine77, GRACE gaskiya ne, taurari biyu ne da suka yi aiki daga 2002 zuwa 2017, aka maye su da wasu a 2018. Amma canjin nauyin ƙasa suke aunawa a faɗin ɗaruruwan kilomitoci. Za su iya nuna yankin tafkin Chadi ya ƙaru ko ya ragu da ruwa, ba za su bambance gabashin ƙauye da yammacinsa ba.

Bakatsine77: Na gode Malama, na ƙaru.

MaiInjinHaƙa: Shekarata 19 a kan inji. Sakatare, kafin maganar taswira, tambaya ɗaya: sau biyun nan an yi muku safiyo, wato awon neman ruwa da na'ura, kafin a haƙa, ko nuna wa direba wuri aka yi?

Sakataren_Gari: Gaskiya ba a yi ba. Ta farko an ce a sa ta kusa da masallaci, ta biyu kusa da makaranta, don kowa ya samu sauƙi.

MaiInjinHaƙa: To ga inda matsalar take, Alhaji. A ƙasar dutse irin taku ruwa wuri biyu yake zama: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsagar da ke ƙasansa. In ruɓaɓɓen ya yi kauri kuma ka dace da tsaga, ka huta. In guduma ta hau lafiyayyen dutse tun daga mita 8, ko ka kai mita 100 farar ƙura za ka yi ta sha. Na taɓa haƙa biyu a unguwa ɗaya, tsakaninsu bai fi taku 60 ba, ɗaya tana ɗaukar sumo, injin lantarkin da ake zurawa cikin rijiya, ɗaya ko alwala ba ta bayarwa. Wace taswira ce za ta raba taku 60? Ku nemi mai safiyo ya zo da na'urarsa da wayoyinsa ya kafa ƙarafa a ƙasa. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na haƙa ba.

Tsohon_Ma'aikacin_Ruwa: Na yi ritaya daga aikin ruwa, kuma irin taswirar nan sun wuce ta hannuna da dama. Bayanin 'yata Hauwa daidai ne, sai dai akwai abin da ban ji ta taɓo ba, kuma shi ne yake damuna.

Nauyin nan da ake ba kowane falle, mutum ne yake zaɓa. Ka ba ɗalibai biyu yanki ɗaya, ɗaya ya fifita ruwan sama, ɗaya ya fifita dutse, za su kawo maka taswira biyu da ba su yi kama ba, kuma kowace ta ci jarrabawar lissafin Saaty ɗin, wadda ke cewa kada saɓani ya wuce 0.1. Jarrabawar nan tana duba ko mutum bai yi tufka da warwara a zaɓinsa ba ne kawai. Ba ta duba ko ƙasa ta yarda da shi.

Sai maganar sikeli. Fallen dutse yawanci daga tsofaffin taswirorin hukumar binciken ƙasa ake kwafo shi, masu sikelin 1:250,000, wani lokaci ma na ƙasa baki ɗaya. A 1:250,000, milimita ɗaya a takarda mita 250 ne a fili. Kaurin layin fensir ya isa ya haɗiye masallacinku da makarantarku tare. In aka zuba wannan cikin kwamfuta aka faɗaɗa, sai ya fito tsaf kamar an auna gida-gida, alhali ba a auna ba.

Layukan tsaga kuma, na sha ganin an zana titin burji da layin wutar lantarki da iyakar gona a matsayin tsagewar dutse. Ko na gaskiyar ma, wata tsagar farin dutse ya cike ta tuntuni, ba ɗigon ruwa a ciki.

Ban ce a yar da taswirar ba. In an ba ni jiha guda aka ce ina za a fara kai injuna, da ita zan fara. Amma don rijiya ɗaya a ƙauye ɗaya, ta faɗa muku inda za ku kai mai safiyo, iyakarta ke nan.

Hauwa_Taswira: Baba, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa. Abin da zan ƙara shi ne, aiki mai kyau ba ya tsayawa a shafa launi. Dole a ɗauko rijiyoyin da ke yankin, a duba yawan ruwan da kowace ke bayarwa, a ɗora su kan taswirar a ga ko masu ƙarfin sun faɗo cikin kore. Malam Sakatare, ka tambayi ɗanka rijiya nawa aka gwada taswirar da su, kuma nawa ne a cikinsu suke kusa da ku.

Tsohon_Ma'aikacin_Ruwa: Madalla. To amma rijiyoyin da ake gwadawa da su waɗanda suka yi ruwa ne, don su ake iya gani da famfo a kansu. Wadda ta bushe an cike ramin an tafi, ba wanda ya rubuta. Biyun Sakatare, ina tabbata ba sa cikin littafin kowa. Wannan abin yana min ciwo ƙwarai, don busasshiyar rijiya ma ilimi ce da aka saya da kuɗin mutane.

Uwar_Biyu: Ku yi haƙuri in shigo. Duk maganar inda ruwa yake ake yi, ba a yi maganar wa zai ɗebo ba. Kilomita ɗaya da rabi zuwa, ɗaya da rabi dawowa, da jarka a ka, sau uku a rana. 'Yan mata ne za su yi, kuma lokacin makaranta ne zai tafi. In za a haƙa can a sa sola da tanki a jawo bututu cikin gari, wannan wata magana ce, amma a sa kuɗin cikin lissafi tun yanzu. Kuma gonar wa za a shiga? A yi rubutu gaban mai unguwa kafin inji ya zo.

Sakataren_Gari: Hajiya, wallahi wannan ma yana cikin abin da ke hana ni barci. In dai famfon tuƙa-tuƙa ne a can, rafi ya fi kusa, kuma rafin za su koma.

Ɗan_Dukku: Ina son in ba da misalin da zai nuna maganar Baba Tsohon_Ma'aikaci. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ne mai kauri, ƙoramu kaɗan. In aka bi lissafin da Malama Hauwa ta faɗa, duk kore za mu fito, don ruwa yana nutsewa sosai. Kuma yana nutsewar, sai dai ba ya tsayawa kusa. Shimfiɗar yashin nan da masana ke kira Kerri-Kerri, wadda ta bi ta Darazo har Potiskum, a wasu wuraren sai an wuce mita 100 kafin a taɓa ruwa. Kowa ya san wahalar ruwa a yankinmu. Ruwan da famfon hannu ba zai iya jawowa ba, talaka ina ruwansa da korensa?

ƊanYerwa: Haka yake. Mu a Borno ruwan hawa uku ne a shimfiɗar Chadi: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Na tsakiya yana can ɗaruruwan mitoci ƙarƙashin laka mai kauri, kuma shi ne wanda tun shekarun 1950 da 1960 aka riƙa haƙawa ruwa yana tsartuwa da kansa ba inji. An bar da yawa suna zuba dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa. Hoton fuskar ƙasa ba abin da zai ce game da wannan ruwan, don ba damanar bara ce ta zuba shi ba, tsohon ruwa ne. Wurinmu littafin mai haƙa ya fi kowane hoto amfani.

Basakkwace: Mu ma nan haka ta ke. Ƙasan Sakkwato da Kabi shimfiɗa ce bisa shimfiɗa, Gundumi, Taloka, Wurno, Kalambaina, Gwandu. Wajen Argungu da Birnin Kabi an samu inda ruwan Gwandu ya hau da kainai. Kuma tafkin ƙasa ɗaya muka sha da mutanen Nijar da Mali, wanda a ka kira Iullemmeden. Kenan in za a yi taswira ta gaskiya ba a tsayawa Illela don an ga shingen kwastan.

Ɗan_Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Basakkwace ya yi gaskiya. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya fito, ya ratsa wurinmu, ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Tun da anka yi dam ɗin Jibiya masu garka sun ga canji ga yadda gulbi ke kawo ruwa. Damagaram kuwa bisa dutse ta zauna kamar su Sakatare, shi ya sa ruwan birnin daga nesa ake jawo shi, Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram.

Amma ga wani abin mamaki. Wajen Yamai ruwan rijiyoyi hawa ya yi, kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali cikin shekarun nan anka yi farin 1973 da na 1984. Dalili, da anka sare daji anka yi gonaki, ruwan sama ya riƙa gudu yana taruwa cikin tabkuna, daga gindin tabkin yake nutsewa. Mai taswirar da ya ce daji maki babba, gona maki kaɗan, a can ya yi kuskure.

Hauwa_Taswira: Wannan misalin na Yamai malaminmu ma ya kawo mana shi. Shi ya sa kwafo nauyin da aka yi amfani da shi a Indiya a liƙa wa kogin Haɗeja ba daidai ba ne, kuma ana yi.

Manomin_Fadama: Tunda an ambaci Haɗeja. Mu rijiyarmu ta fadama da ƙarfin ruwa ake haƙa ta, bututu mita 8 zuwa 12 ka sa inji ka yi ban ruwa, tun zamanin shirin Fadama na farkon shekarun 1990. Ba mu taɓa neman taswira ba. Abin da muka sani, shekarar da ambaliya ta kwanta a fadama rijiya tana kai mu har girbin alkama da tumatir, shekarar da ba ta kwanta ba inji ya fara shan iska da wuri. Iyayenmu sun ce kafin dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa yana malala har inda yanzu tudu ne. Kenan ruwan ƙasanmu yana hannun mai buɗe ƙofar dam a Kano. Taswirar tana da fallen wannan?

Tsohon_Ma'aikacin_Ruwa: Ba ta da shi, Malam, kuma tambayarka ita ce dalilin da ya sa ake ɗaukar kwarin kogi baki ɗaya maimakon ƙaramar hukuma. Kogin Kano da Challawa su suka haɗu suka zama Haɗeja, Jama'are ta gangaro daga tsaunukan Jos, suka tarar da juna a dausayin Haɗeja da Nguru, daga nan Yobe ta ɗauka har tafkin Chadi. Abin da aka tare a sama, na ƙasa ne ke rasawa, har cikin rijiyarsa. Tun 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan nan da wannan tunanin.

Jikan_Magina: Kakana maginin rijiya ne, da hannu. Ba ya fara haƙa sai ya zagaya da asuba. Yana duba inda goriba da giginya suka yi layi, inda suri ya yi tsayi yana da danshi da rani, inda ciyawa ta daɗe ba ta bushe ba. Da na karanta bayanin Malama Hauwa na jerin itatuwa a hoto sai na ga ai abu ɗaya suke nema, shi a ƙasa, su daga sama. Sakatare, ba ku da tsoho irin wannan a gari? Ku tambaye shi tsofaffin rijiyoyin da aka bari, zurfinsu gaba nawa, wacce ce ba ta ƙafewa da bazara.

MaiInjinHaƙa: Da tsohuwar zuma ake magani. Ni ma in na sauka gari tsoffin rijiyoyi nake fara leƙawa. Sai dai gawo kada ya ruɗe ku, saiwarsa tana tafiya nesa ƙwarai.

Kuma kada a ɗauka safiyo ba ya kuskure. Wuta yake turawa cikin ƙasa ya ga inda ta wuce da sauƙi. Jiƙaƙƙen yumɓu ma yana barin wuta ta wuce, amma ba ya sakin ruwa. Ku nemi wanda zai bi layi ya auna wurare da yawa, ba wanda zai kafa ƙarfe sau ɗaya ya ce a nan ba. Ku karɓi rahoton a rubuce.

Uwar_Biyu: In an samu ruwan kuma a kai shi awo kafin yara su fara sha. Ba zartsi kaɗai ake tsoro ba, shi ai harshe yana faɗa.

Ɗan_Maraɗi: Hajiya ta taɓo inda ke mini ciwo. A Tibiri kusa da mu, ruwan foraj ne, wato burtsatse mai zurfi, garau da shi ba wari, ashe sinadarin fuloraid ya yi yawa ciki. Yara da dama haƙoransu sunka rine, ƙafafunsu sunka lanƙwashe kafin a gane. Babu launin da ke nuna wannan bisa taswirar da ku ke magana.

Ɗan_Dukku: Wajen Kaltungo ma ana ganin rinannun haƙora saboda shi.

Sakataren_Gari: Na kira ɗan yayan nawa na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ya ce rijiyoyin da aka gwada taswirar da su yawancinsu na cikin birni ne da bakin titi, babu ko ɗaya a gundumarmu. Ya kuma faɗaɗa hoton ya ga wani siririn layi da ya taso daga koren nan ya bi ta bayan makabarta, bai fi mita 400 daga gidajen ƙarshe ba. Wani dattijo ya ce a wajen akwai tsohuwar rijiya da ta rufta tun yana yaro. Muna tunanin kai mai safiyo ya bi layin nan tukuna.

Hauwa_Taswira: Wannan ya fi. Amma a je a taka layin da ƙafa kafin a biya kowa, a tabbata ba tsohuwar hanyar shanu ba ce. Kuma a nisanci makabartar da masai, a tsaya ta saman gangara.

Tsohon_Ma'aikacin_Ruwa: Ni da na so ku auna har cikin koren ma, don a kwatanta. In bambancin babba ne, sola da bututu za su iya fin arha nan gaba, tunda gari ƙaruwa yake.

Uwar_Biyu: Baba, gari na ƙaruwa amma aljihun ƙungiya bai ƙaru ba. Na kusa dai.

MaiInjinHaƙa: Duk inda kuka zaɓa, ku haƙa da bazara, Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ku sa a yarjejeniya cewa sai an yi gwajin zuƙo ruwa na sa'o'i kafin cikon kuɗi. In jarka mai lita 25 tana cika cikin minti biyu ba yankewa, ta isa famfon hannu. Sola da tanki na son fiye da haka.

Hauwa_Taswira: Malam Sakatare, roƙo ɗaya. Biyun da suka gaza, don Allah a tsaya a kan kowace da waya a ɗauko lambobin wurin, a rubuta zurfinta da mitar da aka taɓa dutse in akwai mai tunawa. Ka ba ɗanka ya ɗora a kan taswirarsa, ni ma ina so.

Sakataren_Gari: In sha Allah gobe bayan azahar. Ta farkon an yi shuka a kanta, sai na nemo wanda ya tuna daidai wurin. Malam MaiInjinHaƙa, mai safiyon kwana nawa yake buƙata in zai bi layin nan?